Lamba Tara: Yadda Ɗan Wasan Gaba Ke Gina Sana'arsa Daga Filin Unguwa Zuwa Kwantiragi

Ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka, Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a wasa da Bulgeriya. Hoton da ya zauna a zukatan mutane shi ne wanda ya riƙe raga yana ihu. Mai son koyon aikin kuwa, ya koma ya kalli daƙiƙa biyar ɗin da suka gabaci hoton. Finidi George ya shigo ta dama ya shimfiɗo ƙwallo a ƙasa, Yekini ya riga ya iso bakin raga, taɓawa ɗaya ya yi. Babu yanka, babu bugun fasa raga. Wannan shi ne mutumin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37, haifaffen Kaduna, wanda ya faro daga ƙungiyar masaƙar UNTL. Yawancin ƙwallayen da ake biyan lamba tara albashi a kansu irin wannan ne, yawancin yaran da ke burin saka rigar kuma ba irinsu suke koyo ba.

San irin ɗan gaban da jikinka zai iya zama

Akwai dogo mai ƙarfi da ke juya wa raga baya, ya tare ƙwallo, ya riƙe har abokansa su hauro. Akwai mai gudu da ke cin abincinsa a bayan 'yan baya, irin Ahmed Musa. Akwai kuma mai laɓe a yadi na 18, wanda za a yi minti ashirin ba a ji sunansa ba sai ga ƙwallo a raga. Ka sa a auna maka gudun mita 30 da agogo: wanda ke cinye ta cikin daƙiƙa huɗu ko ƙasa da haka mai gudu ne na gaske. Idan ba ka cikinsu, kada ka ɓata shekarunka kana kwaikwayon masu gudu. Ka ɗauki abu ɗaya ka ƙware a kansa har a san ka da shi, sauran ka kai su matsayin da ba za su kunyata ka ba. Mai neman 'yan wasa da ya zauna a benci na minti casa'in abu ɗaya yake so ya rubuta a gaban sunanka.

Daga shekara 10 zuwa 15: ƙafa biyu da bango

A wannan shekarun ƙafa ake ginawa, ƙarfi zai zo daga baya. Ka samu bango mai santsi, ka tsaya taku biyar daga jikinsa, ka buga da cikin ƙafa ka tare, sau ɗari da dama, sau ɗari da hagu, kullum. Bayan wata guda ka sauya doka: ka tare da dama ka buga da hagu, sannan ka riƙa karkatar da ƙwallon gefe a taɓawar farko maimakon kashe ta a ƙarƙashinka. Taɓawar farko ita ce ke raba wanda zai samu damar bugu da wanda za a ƙwace a ƙafarsa.

Filin unguwa mai turɓaya da tsakuwa yana da amfaninsa, domin ƙwallon da ke tsalle ba tsari tana koya wa ido da ƙafa shiri. Illarsa ita ce yana saba wa yaro da ɗaga ƙwallo sama da yawan taɓawa. Duk lokacin da aka samu fili mai ciyawa ko na roba, a yi amfani da shi wajen wasan taɓawa biyu kawai. Yaran da ba su kai 12 ba a bar su da atisayen ƙwallon ka. Makaranta kuma ba a barin ta, ko don ranar da za a miƙo maka takarda mai shafi goma da Turanci ko Faransanci a ce sa hannu.

Motsi kafin ƙwallo ta iso

A nan aikin yake, kuma a nan ake yin sakaci.

Fara da dokar satar gida, ka san ta fiye da mai ɗaga tuta. Ana duba inda kake ne a daidai lokacin da abokinka ya taɓa ƙwallon, ba lokacin da ta iso gare ka ba. Idan kanka, ko gangar jikinka, ko ƙafarka ta fi kusa da layin raga fiye da ƙwallon da kuma ɗan hamayya na biyu daga ƙarshe, ka shiga. Hannu ba ya cikin lissafi. Idan kafaɗa da kafaɗa kuke da ɗan baya, ba ka yi sata ba. Babu satar gida idan ka karɓa kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gola daga yadi na shida, haka nan idan kana ɓangarenku na fili lokacin da aka bugo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gudu miƙe zuwa raga tun mai ƙwallo bai ɗago kai ba. Abin yi shi ne ka fara gudu a kwance, kana bin layin 'yan baya taku uku ko huɗu, sai ka lanƙwasa ciki daidai lokacin da ƙafar abokinka ta koma baya za ta buga. Ta haka kai kana cikin gudu, ɗan baya kuma sai ya juya jikinsa tukuna. Juyawar nan ita ce tazarar da kake nema.

Wajen tsayuwa, ka zauna a bayan kafaɗar ɗan baya, ta gefen da ba ƙwallo. Idonsa ba zai iya kallon ƙwallo da kai a lokaci ɗaya ba. Ka lura da wuyansa: da zarar ya waiwaya ya gan ka ya mai da kai ga ƙwallo, lokacin tashi ya yi.

Idan ɗan gefe ya gangaro da ƙwallo zai kuroso, wurare uku ne ake cika: turken kusa, turken nesa, da wajen ɗigon fenariti inda ake dawo da ƙwallo baya. Lamba tara shi ke da turken kusa galibi. Ka yi taku biyu kamar za ka turken nesa, ɗan baya ya biyo, sai ka yanko ta gabansa. Kada ka riga ƙwallo isa. Wanda ya iso da wuri ya tsaya, an riga an riƙe masa riga. Gara ka makara da rabin taku ka iso da gudu. Kuma ku yi magana da ɗan gefenku tun a atisaye: idan ya ɗago kai sau ɗaya ƙasa zai shimfiɗo, idan ya taka ƙwallo baya zai dawo da ita, ko dai wata alama da kuka shirya.

Sai bin sawu. Duk bugun da abokinka ya yi, ka ruga wajen gola kamar ka tabbata zai amayar. Sau tara za ka yi gudun banza, na goma ƙwallo ce ba wahala. A busassun filayen Arewa lokacin hunturu, inda ƙwallo ke tsalle a gaban gola, wannan ɗabi'a kaɗai tana iya ƙara wa ɗan wasa ƙwallaye a kaka.

Idan an bugo maka kana juye wa raga baya, kada ka tsaya a miƙe. Ka karkace, ka ɗan durƙusa, ka sa damtse ka ji inda ɗan baya yake ba tare da ka ture shi ba, ka tare da ƙafar da ta fi nisa da shi. Idan ya manne maka, juya ta jikinsa. Idan ya ba ka taku biyu, juyo ka fuskance shi. Idan su biyu ne, sauke wa ɗan tsakiya da taɓawa ɗaya ka zagaya.

Kocin zamani kuma ba ya ajiye ɗan gaban da ke yawo hannu a ƙugu idan ƙwallo na wajen abokan hamayya. Ka tunkari mai ƙwallo a lanƙwashe, jikinka ya toshe hanyar abokinsa, ka kora shi zuwa layin gefe.

Bugun ƙarshe

Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44. Gola ya fi saurin kai hannu sama da gefe fiye da kai shi ƙasa kusa da turke, don haka ƙasa-ƙasa ake nema. Idan ka shigo ta gefe, buga ta tsallake gola zuwa turken nesa: in ta shiga shi ke nan, in ya taɓa ta faɗo gaban abokinka. Bugun turken kusa idan ya kuskure, raga ta waje yake samu, kowa ya koma gida.

Ƙwallo na tashi sama ne saboda abu biyu, jingina baya da dasa ƙafar tsayuwa a bayan ƙwallo. Dasa ta a gefen ƙwallon, yatsunta na kallon inda kake nufi, ƙirjinka a kan ƙwallo, idon sawun ƙafar bugu a ƙage. A cikin yadi na 18 cikin ƙafa ya wadatar, ba sai ka nemi yaga raga ba. Ƙwallon ka kuma da goshi ake sa ta, ido a buɗe, a nufi ƙasa ta yi tsalle kafin gola.

Kai da gola ku biyu, abin da ke kashe yawancin dama shi ne taɓawar ƙarshe ta yi tsawo. Kana kusantar yadi na 18 ka rage tsawon turawa, ka ɗago kai sau ɗaya. Idan ya tsaya a layi, buga kafin ka wuce ɗigon fenariti. Idan ya fito da gudu ya zube, ɗaga ta sama da shi ko ka zagaye shi. Ahmed Musa ya nuna salo biyu a wasa ɗaya da Iceland a 2018. A ta farko ya miƙa ƙafa ya sauke kurosin Victor Moses, ya buga tana tasowa daga ƙasa, taɓawa biyu kacal. A ta biyu ya tsere wa ɗan baya ta hagu, ya zagaye gola, kuma bai yi gaggawa ba sai da ya daidaita jikinsa ya zaɓi wuri.

Fenariti daga mita 11 ake bugawa, kuma kusan uku cikin huɗu suna shiga a manyan gasanni. Zaɓi kusurwarka tun kafin ka ajiye ƙwallo, kada ka sauya a hanya. Kana iya sassarfa ko jinkiri a cikin gudu, amma idan ka gama gudu ka yi kamar za ka buga ka fasa, katin gargaɗi ne kuma an soke bugun.

Atisayen bugu sau biyu ko uku a mako, bugu 30 zuwa 40 kowane zama, rabi da ƙafar da ba ta saba ba. Kada ka jera ƙwallaye a tsaye kana dukansu, domin a wasa ba wanda zai ajiye maka. Kowane bugu ya biyo bayan gudu, ko juyi, ko kurosi, da gola a raga, in da hali da ɗan baya a jikinka. Ka riƙe littafi: nawa ka buga, nawa suka nufi raga, nawa suka shiga, da wace ƙafa.

Jiki shi ne jari

Idan wasa ranar Lahadi ne, mako kan tafi haka: Litinin sassauta jiki, Talata hutu, Laraba ƙarfi da ƙananan wasanni masu zafi, Alhamis gudu da babban fili, Juma'a tsarin wasa da bugu, Asabar abu mara nauyi da bai wuce minti 45 ba. Gudun safe na kilomita goma a kan kwalta da matasa ke yi kullum ba ya ƙara wa ɗan gaba sauri, gwiwa da ƙwauri kawai yake ci. Abin da kake buƙata gudun mita 20 zuwa 30 ne da iyakar ƙarfi, sau shida zuwa takwas, da hutun minti ɗaya da rabi ko biyu a tsakani.

Tsokar bayan cinya ita ce ta fi tsagewa ga masu gudu. Maganin rigakafinta ba ya buƙatar na'ura: durƙusa a kan tabarma, aboki ya danne maka dugadugai, ka tafi gaba a hankali jiki a miƙe har ka kasa riƙewa ka tare da hannu. Fara da sau biyar, zagaye biyu, sau ɗaya a mako, ka ƙara a hankali zuwa sau takwas zagaye uku. Kada a yi shi kwana biyu kafin wasa. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai ɗaukar minti 20, an tsara shi ne don rage irin waɗannan raunuka, kuma kyauta ne a intanet.

Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ita ce babbar musiba, aiki ne na tiyata da jinyar wata shida zuwa tara ko fiye. Sadiq Umar, ɗan Kaduna, bai cika mako biyu da komawa Real Sociedad ba a Satumban 2022 ya gamu da ita, ya rasa sauran kakar. Shi yana da likitocin ƙungiya. Wanda ke wasa a gida, idan gwiwa ta yi ƙara ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, asibitin ƙashi zai nufa a yi hoto. Ɗori da ja da matsa ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke, kuma komawa fili da allurar kashe zafi na iya lalata gwiwar gaba ɗaya.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo, shinkafa, doya da dankali su ne man gudu, a ci babban abinci awa uku zuwa huɗu kafin wasa, mara yawan mai da yaji. Ɗan wasa mai kilo 70 yana buƙatar sinadarin gina jiki wajen giram 110 zuwa 140 a yini. Ƙwai ɗaya giram shida ne kawai, don haka sai an haɗa da wake, kifi, nama, awara, kindirmo da ƙuli-ƙuli, a rarraba a cin safe, rana da dare. Don sanin ruwan da kake zubarwa, hau sikeli kafin atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya da rabi za ka mayar a hankali. Da azumi, atisaye mai nauyi ya koma bayan buɗa baki da awa biyu, na kafin magariba ya zama mara nauyi, a kuma rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur.

Tiramadol ya shiga jerin haramtattun ƙwayoyi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024. A dokar gwajin ƙwayoyi, duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhaki, ko da wani ne ya ba ka a matsayin maganin ƙarfi ko jiƙo. Zazzaɓin cizon sauro ma ba abin rainawa ba ne: Victor Osimhen ya je gwaji a Zulte Waregem da Club Brugge a 2018 bai gama murmurewa daga shi ba, duka biyun suka ƙi ɗaukar sa. Ka kwana cikin gidan sauro, ka san rukunin jininka na sikila, ka yi gwajin zuciya ko sau ɗaya kafin ka shiga gasa mai tsanani.

Tsani da takardu

A Najeriya matakan a bayyane suke: gasar unguwa da ta makarantu, gasar hukumar ƙwallo ta jiha, sai gasar ƙasa ta rukuni na uku (NLO), sai ta rukuni na biyu (NNL), sai babbar gasar ƙasa (NPFL) mai ƙungiyoyi 20. Ahmed Musa ya bi ta makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya buga wa JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, wanda a lokacin ba a taɓa yi ba a gasar. Daga nan VVV-Venlo ta Holan, ƙaramar ƙungiya, sannan CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester a 2016. A Nijar, Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam kafin ya kai Rasha. Ba wanda ya yi tsalle daga filin unguwa zuwa babbar ƙungiya a cikinsu. Ƙungiyar da za ta sa ka wasa 25 a NNL ta fi maka wadda za ta ajiye ka a benci a NPFL.

Ka tabbata an yi maka rajista a hukumance a duk inda ka buga tun daga shekara 12. Dalilin kuɗi ne. Idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga 12 zuwa 23: kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kuma 0.5. A cinikin Yuro miliyan ɗaya, makarantar da ta riƙe yaro yana 14, 15, 16 da 17 tana da Yuro 15,000. In babu rajista babu ko sisi, kuma daga nan ne rigimar "yarona ne" ke tashi, har ta riƙe takardar sallamar ɗan wasa ciniki ya lalace.

Ranar haihuwa ɗaya tak: ta takardar haihuwa, ta NIN, ta makaranta da ta fasfo su zama iri ɗaya. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton asibiti na MRI na wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Najeriya suka faɗi wannan gwaji dab da wasa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da Najeriya. Ban da kunya, rage shekaru na cutar da mai shi daga baya, domin ƙungiya za ta yi masa atisaye da lissafin ɗan 24 alhali gwiwarsa ta ɗan 30 ce.

Gani ya kori ji, saboda haka ka tanadi bidiyo. Na minti huɗu zuwa biyar, ƙwallaye a farko, da alama a kanka kafin kowane motsi, ba kiɗa. Ka ajiye cikakken wasa biyu ko uku a gefe, don mai saye na gaske zai nemi ganin abin da kake yi lokacin da ƙwallo ba ta wajenka.

Wakili da gwaji

Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira 14 ga Oktoba, 2010, ranar da ya cika 18, kafin ya zama ɗan VVV. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu, ko dai ƙarya yake yi ko zai jefa yaron cikin matsala.

Wakili na gaske yana da lasisin FIFA, kuma ana iya duba sunansa a shafin hukumar. Yarjejeniyarku ba ta wuce shekara biyu, kuma daga cinikin da ya ƙulla yake samun ladansa. Gwaji a ƙasar waje yana da fom na FIFA da ƙungiya da ɗan wasa ke sa wa hannu, mai nuna tsawon lokaci da wanda zai ɗauki nauyin masauki da abinci. Iyakarsa mako takwas a kaka ga ɗan 21 zuwa ƙasa, mako uku ga wanda ya haura, kuma an hana karɓar kuɗi a kan gwaji. Idan aka ce a kawo miliyan kaza na biza da tikiti, har ana ba mahaifi shawarar sayar da gona, a dakata. A nemo adireshin ƙungiyar daga shafinta na hukuma, ba daga jikin takardar gayyatar ba, a rubuta a tambaya ko sun san da zuwan. Takardar bogi ba ta jure wannan tambaya.

A wajen gwaji, ka isa da kwana biyu ka huta, ka yi wasa mai sauƙi, ka yi gudu ba ƙwallo. Masu son nuna duk abin da suka iya a minti goman farko su ake fara sallama.

Kafin ka sa hannu

Kwantiragi ba ya wuce shekara biyar, na wanda bai kai 18 ba kuma shekara uku. Ka duba waɗannan da idonka, ko da lauyan da ba na ƙungiyar ba kuma ba na wakilin ba: albashin kafin haraji ne ko bayan haraji, da wane kuɗi za a biya, ranar nawa ga wata, wa ke biyan gida, tikitin dawowa da magani idan ka ji rauni, ladan ƙwallo da na nasara a rubuce suke ko a baki, akwai sharaɗin rage albashi idan ƙungiya ta faɗo, wa ke da ikon tsawaita kwantiragin. Ƙungiya ba ta da ikon rataya ingancin kwantiragi a kan gwajin lafiya ko izinin aiki, waɗannan kafin sa hannu ake gama su. Kada ka sa hannu a farar takarda ko harshen da ba ka ji, kada ka fita ɗakin ba tare da kwafinka mai sa hannun kowa ba, kada kuma ka bar fasfonka a hannun kowa. Tun 2015 an haramta wa wani ɗan kasuwa ko wakili mallakar kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa.

Idan ƙungiya ta riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta mata takardar gargaɗi ka ba ta aƙalla kwana 15. In ba ta biya ba, kana da hujjar soke kwantiragi ka nemi haƙƙinka. Wanda ya yi fushi ya tattara kaya ba tare da wannan takarda ba, shi za a ci tara. Rigimar ɗan wasa da ƙungiyar wata ƙasa tana zuwa kotun ƙwallo ta FIFA, kuma bayan shekara biyu ba a sauraron ƙara. Idan saura wata shida kwantiraginka ya ƙare, kana da damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya.

Shekarar farko a waje, da kamfar ƙwallo

Sanyi, abinci, harshe da kaɗaici suna kayar da 'yan wasa fiye da 'yan baya. Ka fara koyon harshen tun makon farko, ko kalmomin fili ne kawai. Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba. Da ya sauka zuwa Charleroi a matsayin aro ya ci 20 a kaka ɗaya, daga nan Lille, sai Napoli inda ya ci 26 a gasar Italiya ta 2022/2023. Sadiq Umar ya zaga aro daga Roma zuwa Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers da Perugia kafin ƙafarsa ta zauna a Partizan da Almeriya. Kafin ka karɓi aro, ka yi magana da kocin da kansa, ka san 'yan gaba nawa ke gabanka da irin wasan da yake bugawa. Dogon ɗan gaba a ƙungiyar da ba ta kuroso ƙwallo zaman benci ya je yi.

Idan ƙwallo ta ƙi shiga wasa biyar ko shida, koma ga littafinka da bidiyo. In kana samun dama biyu ko uku a yadi na 18 kowane wasa, kada ka sauya komai, za ta dawo. In damar ce babu, matsalar motsi ce, kuma galibi za ka tarar ka fara gangarowa tsakiya neman taɓa ƙwallo, ka bar wurin aikinka ba kowa. Bugun nesa don huce haushi yana ƙara tsawon kamfar ne kawai.

Daga 30 zuwa sama

Gudu ne ke fara tafiya. Mai gudu ya koma wasan taɓawa ɗaya da laɓe a yadi na 18, ya rage yawan atisaye ya ƙara na ƙarfi da barci. Kwantiragi kan koma na shekara ɗaya-ɗaya, don haka lissafin kuɗi tun a albashin farko ake fara shi: kaso na gida da 'yan uwa a yanke shi a san iyakarsa, kaso na ajiya a cire shi ranar da albashi ya shigo, duk fili ko gidan da aka saya kuma takardunsa su kasance da sunanka, ka gan su da idonka. Ahmed Musa ya buɗe cibiyar wasanni a Kano a 2017 yana tsakiyar ganiyarsa. Mai sha'awar koyarwa ya fara kwas tun yana bugawa: lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, daga D ake farawa, sai C, B da A, ana yin su ta hannun hukumar ƙwallo ta ƙasa, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas kuma tana ba da horon koci. Tsakanin wani mataki da na gaba ana neman shaidar cewa ka yi aikin koyarwa, saboda haka ko ƙungiyar yara ta unguwa kake horarwa lokacin hutun kaka, ka sa hukumar ƙwallo ta jiharku ta rubuta maka shaida.